Ɗakin tarihinmu na Agege yana yoyo

Jama'a, assalamu alaikum. Tun da aka buɗe asusun neman taimako domin gyara da faɗaɗa ɗan ɗakin adana kayan tarihi na unguwarmu a nan Agege nake jin maganganu iri-iri. Wadda ta fi tsaya mini a rai ita ce ta wani dattijo da nake ganin girmansa, wanda ya ce mini bayan sallar Juma'a: "Malam, ga marayu, ga rijiyar burtsatse ta lalace, sai mu zuba kuɗi a kan tsofaffin kwanduna?" Ban yi masa musu ba, domin maganarsa tana da nauyi. Amma ya zama dole in faɗi dalilin da ya sa na ba da nawa, nake kuma roƙonku ku bayar.

Mu Hausawan Ikko mun daɗe a garin nan fiye da yadda 'ya'yanmu suka sani. A shekarar 1863 John Glover ya kafa rundunar Hausawa a Legas, wadda ake ɗauka a matsayin tushen sojan Najeriya. Bayan layin dogo ya isa Kano a 1911, kakanninmu suka yi ta zama kusa da tashar Agege, suna sayen goro daga hannun manoman Yarbawa, suna ɗaure shi huhu-huhu cikin ganyen fita, jirgi yana kai shi Arewa. Duk da haka, da zarar wata 'yar hatsaniya ta tashi a kasuwa sai ka ji ana kiranmu baƙin jiya, mu kuma ba mu da abin nunawa illa "kakana ya ce".

Abin nunawar kuwa yana cikin ɗakin nan. Akwai wasiƙun ajami da fatake suka aika wa iyayen gidansu a Kano da Sakkwato, akwai rasiɗan lodi na jirgin ƙasa, da littattafan bashi, da hotunan dattawan da yau ba kowa ne zai iya faɗin sunayensu ba. Da daminar bara ruwa ya shiga ta rufi ya jiƙa akwati guda. Na ga takardun da idona: tawada ta narke, funfuna ta hau, wasu shafukan sun manne da juna. Wanda ya san danshin Legas ya san takarda ba ta jiran kowa.

Na taɓa kai 'ya'yana gidan tarihi na ƙasa da ke Onikan, wanda aka buɗe a 1957. Da muka tsaya gaban motar da aka kashe Janar Murtala Muhammad a cikinta ranar 13 ga Fabrairu, 1976, suka ga gurbin harsasai a jikinta, sai suka yi tsit. Sun sha karanta labarin a makaranta, amma sai ranar ya shige su. A nan Onikan ɗin kuma akwai Cibiyar John Randle ta tarihi da al'adun Yarbawa, kuma wallahi sun burge ni. Babu wanda zai zo ya tattara mana namu idan mu muka naɗe hannu.

Sai dai ina da shawara ga 'yan kwamiti, Allah ya saka musu da alheri. Kada zumuɗin sabon gini ya sa a manta da na gaggawa. A fara gyara rufi, a sayi akwatunan da ruwa da gara ba sa shiga, a ɗauki hoton kowace takarda, a rubuta wanda ya kawo ta. A kuma bi tsofaffinmu gida-gida, maza da mata, a naɗi muryarsu tun suna raye. Bayan haka sai a yi maganar ƙarin ɗakuna. Sannan duk wata a liƙa lissafin abin da ya shigo da abin da aka kashe a ƙofar masallaci, domin mutanenmu ba rowa ce take hana su bayarwa ba, rashin ganin inda kuɗinsu ya shiga ne.

Ni dai akwai wasiƙun kakana a cikin adakar mahaifiyata. Na yi mata alkawarin ba zan kai su ɗakin ba sai ranar da aka gama rufin.