Ƙungiyar masu ƙera motoci a Saudiyya: su wa za su zauna a ciki?

Tunda aka raɗa wa yankin masana'antar motoci na birnin Sarki Abdullah, can wajen Rabigh, sunan Sarki Salman a Fabrairun 2025, wasu 'yan bokon namu na Jidda suka samu abin faɗa, wai saura kawai a kafa ƙungiyar masu ƙera motoci irin VDA ta Jamus ko JAMA ta Japan, shikenan an shiga sahun manya. Ni dai maganar nan haushi take ba ni.

To su wa za su zauna a teburin? Kamfanin motocin lantarki na Lucid da ya buɗe masana'anta a yankin a 2023 ya fara da haɗa motocin da ake kawowa gunduwa-gunduwa daga Amurka, PIF, asusun zuba jari na gwamnatin Saudiyya, shi ne ke da kaso mafi tsoka a cikinsa. Ceer, kamfanin motocin lantarki na Saudiyya, na PIF ne da kamfanin Foxconn na Taiwan. Masana'antar Hyundai ma kashi 70 na PIF ne. Kenan mai gida ɗaya zai kira taro, ya kai wa kansa ƙara, ya yanke hukunci. VDA ɗin da ake ta ambato membobinta sun haura 600, kuma yawancinsu masu yin kayan mota ne, birki da fitila da wayar wuta.

Ga inda ciwon yake. Ka shiga sana'iyya, wato unguwar masu gyaran mota, da la'asar ka gani, mota sabuwa fil an cire mata bamba, ƙura ta rufe gilashi, makanike ya jingina da ita yana shan shayi, wai wakala, wato dillalin kamfanin motar, ta ce kaya na hanya, mai ita kuwa kullum yana ƙona riyal a tasi. Yaranmu da suka tashi a warsha, wato gareji, hannunsu duk baƙin mai, wa ya koya musu taɓa batirin motar lantarki?

Masu cewa ƙungiya za ta kare masana'antar gida, mun san karatun, kwastan za a ƙara. Najeriya ta gwada a 2013, ta ɗora har kashi 70 kan motocin waje, talaka ya ga mota mai araha? Ina!

In dai dole sai an yi ƙungiya, a fara da masu kayan gyara da masu warsha, a kuma matsa wa wakala ta ajiye kaya a sito kafin ta sayar wa mutum mota.