Binciken Anas a ƙwallon Ghana: kotun ɓata suna ba za ta yi aikin hukuma ba

A ranar 6 ga Yunin 2018 aka fara nuna Number 12 a Accra, fim ɗin binciken da ɗan jaridar Ghana Anas Aremeyaw Anas da abokan aikinsa suka yi da ɓoyayyiyar kyamara, inda aka ga alƙalan wasa da jami'an ƙwallon Ghana suna karɓar kuɗi hannu da hannu. Shugaban hukumar ƙwallon ƙasar, Kwesi Nyantakyi, ya ajiye muƙaminsa, FIFA ta haramta masa harkar ƙwallo har ƙarshen rayuwarsa, kafin kotun wasanni ta duniya ta mayar da hukuncin shekara 15 a 2020.

Daga nan magana ta bar filin wasa ta koma kan mai binciken. Ɗan majalisa Kennedy Agyapong ya yi ta zargin Anas da laifuffuka iri-iri, ya kuma nuna hoton abokin aikinsa Ahmed Hussein-Suale a tashar talabijin ɗinsa, yana kira da a lakaɗa masa duka. A Janairun 2019 aka harbe Ahmed a unguwar Madina. Agyapong ya musanta hannu a kisan, kuma babu kotun da ta same shi da laifin.

Anas ya kai Agyapong ƙarar ɓata suna yana neman diyyar sidi miliyan 25, amma a Maris ɗin 2023 babbar kotun Accra ta kori ƙarar, alƙali Eric Baah ma ya kira aikinsa ta'addanci da sunan bincike. Shekara biyu bayan haka, masu taimaka wa alƙali a New Jersey ta Amurka suka ba shi dala miliyan 18 kan wasu kalaman Agyapong na 2021, sai alƙali ya zaftare kuɗin zuwa dala 500. Kowane ɓangare ya samu takardar da zai ɗaga. Babu ɗaya cikin kotunan nan da aka ɗora wa tantance ko an sayar da wasanni a Ghana, domin ƙarar ɓata suna tana auna kalaman wani a kan wani ne kawai. Shari'ar da ya kamata ta amsa wannan tambaya, wato tuhumar da gwamnati ta yi wa Nyantakyi, ta yi ta jan ƙafa ana gardama kan ko Anas, wanda ya saba rufe fuskarsa a bainar jama'a, zai ba da shaida fuskarsa a rufe, har kotu ta sallami Nyantakyi a 2025. Wannan ne abin da ya fi ba ni takaici.

Masu sukar Anas suna da hujja, domin kafa wa mutum tarko da kuɗi ya bambanta da kama shi cikin cinikin da ya ƙulla da kansa, kuma wanda aka nuna yana da haƙƙin a saurare shi. A Najeriya an yi hakan. Da aka nuno Salisu Yusuf, mataimakin kocin Super Eagles a lokacin, a wani faifan binciken Anas yana karɓar dala 1,000, ya ce kyauta ce ba ta shafi zaɓen 'yan wasa ba. Kwamitin ɗa'a na hukumar ƙwallon Najeriya, NFF, ya duba batun, ya dakatar da shi shekara ɗaya tare da tarar dala 5,000, duka cikin 2018.

Ya kamata hukumar ƙwallon Afirka, CAF, da hukumomin ƙasashe su kafa kwamitocin bincike na dindindin waɗanda shugaban hukuma ba ya naɗawa ko korarsu, da ikon karɓar cikakken faifan da ba a yanke ba, da wa'adin kammala aiki, da kasafin kare rayukan masu ba da shaida.