Sharhi daga Katsina: masu kwamfuta da garkuwar jiki

Na ji daɗin wani labari da na karanta, wanda ya nuna cewa mai karatun kwamfuta zai iya yin aikin binciken garkuwar jiki. Ƙanwata tana aji uku a fannin kwamfuta a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, kullum ana ce mata ƙarshenta aikin banki ne ko shagon buga takardu. Yanzun nan na tura mata labarin.

A tuna, a watan Janairun 2020 aka wallafa jerin ƙwayoyin halittar cutar korona a intanet, kamfanin Moderna kuma ya tsara rigakafinsa a kwamfuta cikin 'yan kwanaki, tun kafin a fara gwaji. A 2024 wasu masu bincike biyu, Demis Hassabis da John Jumper, suka samu kyautar Nobel saboda manhajar AlphaFold, wadda ke hasashen siffar furotin, wato sinadarin da ke gina jiki da gudanar da ayyukansa.

Mu da sanƙarau ke ɗauke mana yara duk lokacin zafi, zazzaɓin cizon sauro kuma da damina, mu ne muka fi buƙatar wannan ilimi. Don Allah malamanmu na kwamfuta da na kimiyyar halittu su haɗa ɗalibai aikin kammala digiri ɗaya, ko da kan bayanan sanƙarau na jiharmu ne.