Kakar da ke riƙon jika a Ingila ba ƙarfe ba ce

A watan Afrilun 2025 gwamnatin Birtaniya ta taɓa asusun da ke biyan kuɗin jinyar damuwa ga yaran Ingila da suka fito daga hannun hukuma, waɗanda wasu iyalai suka ɗauka ko dangi suka karɓa. Abin da ake kashe wa yaro ɗaya a shekara ya sauko daga fam 5,000 zuwa fam 3,000, aka kuma soke fam 2,500 da ake warewa daban don binciken ƙwararru. Abin da ya ba ni haushi shi ne wannan lissafi bai sa matar da yaron ke hannunta a ciki ba. An rage wa yaro ganin likita, amma firgitar dare da fushinsa suna nan, kuma a kan kakarsa za su sauka. Ita wa zai karɓe ta ko da na kwana biyu?

Mai riƙon da ƙaramar hukuma ko kamfani ya tantance yana da alawus duk mako, yana da ma'aikaciyar jin daɗin jama'a da ke leƙo shi, kuma da yawansu ana ba su kwanakin hutu, a kai yaron wani amintaccen gida na ɗan lokaci. Amma ƙidayar 2021 ta nuna yara sama da dubu ɗari a Ingila da Wales suna hannun dangi ne, fiye da rabinsu wajen kakanni. Akasarin waɗannan ba sa cikin wancan tsari. Wata an buga mata waya ne da dare aka ce 'yarta ta shiga matsala, ta zo ta ɗauki yaran. Ta ɗauka, ta bar aikinta, ta cinye ɗan abin da ta tara, shi ke nan aka manta da ita.

Hujjar da ake fakewa da ita ita ce wai jininta ne, don me za a saya mata hutu? Wannan magana ce ta wanda bai taɓa kwana a zaune da yaron da ya ga tashin hankali a gidan iyayensa ba. Zumunci ba ya maganin hawan jini, ba ya kai mace mai shekara sittin da wani abu asibiti ranar da likita ya ba ta. A Kano ko Damagaram, idan riƙo ya yi wa kaka nauyi, goggo ko inna kan ɗauke yaron ya yi hutun makaranta a wajenta, babu wanda zai ce kakar ta gaza. Matar da ke zaune a bene a Birmingham, 'yan uwanta sun watse a garuruwa, ba ta da wannan gatan. Kuma da yawa suna tsoron buɗe baki su ce sun gaji, kada a rubuta a fayil cewa ba za su iya ba, a raba su da jikokinsu.

Akwai masu cewa yaron da aka sha yi wa canjin gida bai kamata a riƙa kai shi wurin baƙi ba. To wa ya ce sai baƙi? Tsarin Mockingbird, wanda ya samo asali daga Seattle a Amurka kuma ƙungiyar Fostering Network ke gudanarwa a Birtaniya tun 2015, yana haɗa gidajen riƙo shida zuwa goma a kewayen gida ɗaya na gogaggen mai riƙo. Yaran sun san gidan, suna cin abinci a can, suna kwana a can kamar gidan kawu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma an riga an gwada wannan an gani.

Batun babu kuɗi kuwa abin dariya ne. Ofishin binciken kuɗin gwamnati ya ce ajiye yaro ɗaya a gidan kula da yara na cin sama da fam dubu 300 a shekara, kuma tun 2022 hukumar kula da gasar kasuwanci ta ce manyan kamfanonin da ke wannan harka suna cin riba fiye da kima. Wato ana ƙyashin biya wa kaka hutun ƙarshen mako, sai ta faɗi warwas, sannan a kwashi ninkin ba ninkin a miƙa wa 'yan kasuwa. Wannan ba tattali ba ne, wauta ce.

An fitar da manufar ƙasa kan riƙon dangi a Disambar 2023, a Oktobar 2024 kuma aka ware fam miliyan 40 don gwajin alawus a ƙananan hukumomin da ba su wuce goma ba, alhali ƙananan hukumomin da ke kula da yara a Ingila sun haura 150. Josh MacAlister, wanda ya jagoranci bitar tsarin kula da yara ta 2022 da ta ce a tallafa wa dangi masu riƙo, an naɗa shi ministan yara a Satumbar 2025. Ba ya buƙatar wani sabon kwamiti ya karanta masa rahoton da shi ya rubuta. Ya kamata ya sa kwanakin hutu su zama haƙƙin kowane mai riƙo a doka, dangi ne ko bare, kuma a haramta wa ƙananan hukumomi ɗaukar neman hutun a matsayin shaidar gazawa.