Direban da Ya Hana Ni Barci Kwana Uku

Ranar da na ɗora wa tsohuwar kwamfutata Linux, babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, har uwargida sai da na kira ta zo ta ga ikon Allah. Na'urar da a da sai ka kunna ta ka je ka dawo kafin ta buɗe ido, ga ta tana tashi kamar an tsikare ta. Na gyara zama na shiga yi mata lacca: manhajar nan kyauta ce, kowa na iya leƙa cikinta ya ga yadda aka ɗinka ta, kuma wani ɗalibi ɗan ƙasar Finlan, Linus Torvalds, shi ya faro ta a 1991. Ta bari na kai aya, sannan ta ce, "To madalla. Kunna mana wani abu mu ji."

Na kunna bidiyo. Mutumin da ke ciki bakinsa na ta motsi, yana ɗaga hannu yana saukewa, amma shiru kake ji, malam ya ci shirwa.

"Ƙaramin abu ne," na ce, "direba ne babu."

"Wane direba kuma, Maigida? Mota ce?"

Na yi murmushin masana. Na ce direba 'yar manhaja ce da ke tafinta tsakanin babbar manhaja da katin sauti, minti goma ya ishe ni. Ta tafi ta kwanta.

Daren farko ya ƙare a neman direban da zan sauko da shi daga intanet, don haka na saba yi a da. Ashe a Linux yawancin direbobi suna cikin ƙwaryar manhajar tun asali. Na sauti suna ƙarƙashin wani tsari da ake kira ALSA, wanda ya gaji tsohon tsarin OSS tun fitowar Linux 2.6 a 2003. Da na rubuta aplay -l, umarnin da ke jera katunan sauti, a baƙin allon rubuta umarni, sai ga katina a jere, lamba 0, lafiyarsa ƙalau. Na rubuta lsmod don ganin direbobin da aka loda, ga direban sautina, snd_hda_intel, an loda shi. Wato direba na zaune a kujerarsa, hannunsa a kan sitiyari. Mai hankali a nan zai koma ya duba wani wuri. Ni kuwa na riga na furta a gaban iyali cewa direba ne, don haka dole ya zama direba ne.

Dare na biyu na tsinci wani layi da wani bawan Allah ya rantse ya gyara masa tasa kwamfutar. Ban tsaya duba ko irin tawa ba ce. Na kwafe shi na liƙa a wani fayil cikin /etc/modprobe.d, inda ake ajiye saitin direbobi, na kashe na kunna. Inda a da ake rubuta sunan lasifika, yanzu Dummy Output aka rubuta, wato sautin bogi da ba ya zuwa ko'ina. Na koma wa aplay -l, ta ce ba ta ga katin sauti ko ɗaya ba. Ana kukan targaɗe sai ga karaya. Sai a lokacin na karanta layin da kyau: da kalmar blacklist ya fara, umarnin da ke hana a loda direba. Da hannuna na sallami direban da nake ta cigiya. Na goge layin a hankali, ina waige kada wani ya gani, kati ya dawo, shirun ma yana nan inda na bar shi.

A daren ne kuma na yi rabin awa ina buga pulseaudio -k don in kashe PulseAudio, manhajar da ke sarrafa sauti, ta sake tashi, kwamfuta na ce mini babu abin da za ta kashe. Gaskiyarta. Tawa PipeWire take amfani da shi, magajin PulseAudio, wanda Fedora 34, wani nau'in Linux, ta koma kansa a 2021, wasu suka bi sahu. Shawarar da nake bi ta kusa girme wa kwamfutar.

Dare na uku na ɗaura ɗamara. Na buɗe taga ɗaya na saki speaker-test -c 2 -t wav, gwajin da ke kiran lasifikar hagu da ta dama bi da bi, ba ya tsayawa sai an tsayar da shi. Shiru. Na bar shi yana ta yi, na manta da shi. Duk wani ma'aunin ƙara da idona ya gani na ja shi ƙarshe, na cikin manhajar pavucontrol har sai da ya haura 100. Daga nan na shiga alsamixer, allon saita sauti na ALSA, na danna F6 na zaɓi katin. Ga ginshiƙai a tsaye kamar turaku. Ƙarƙashin Master an rubuta OO, wato a buɗe yake. Ƙarƙashin Speaker kuwa MM. Wallahi na ga MM ɗin nan tun daren farko, na ɗauka wani laƙabi ne na injiniyoyi da bai shafe ni ba. Ashe nufinsa an toshe bakin lasifikar, hagu da dama. Na matsa kansa, na danna M, don dai kada a ce ban taɓa ba.

Ƙarfe biyun dare, gida tsit, sai muryar wata mata ta tsage ɗakin: "FRONT LEFT!"

Na zabura har gwiwata ta daki tebur. "FRONT RIGHT!" Na rasa tagar da take ciki, tagogi sun fi goma a buɗe. Na danne lasifika da tafin hannu, na kifa mata matashi, matar nan ba ta fasa ba. Kafin in lalubo tagar in danna Ctrl da C, uwargida na tsaye a bakin ƙofa.

"Maigida, wace ce wannan?"

"Ba kowa ba ce, gwaji ne. Fayil ne kawai."

Ta dubi kwamfutar, ta dubi matashin, ta dube ni. "Direban ne ya zo da matarsa?"

Da gari ya waye na kira ta don in wanke kaina. Na kunna kwamfuta, na saki bidiyon nan na ranar farko. Mutumin ya ci gaba da motsa baki babu murya. MM ta dawo, domin cikin ruɗanin dare ban ajiye saitin ba. Na danna M, na rubuta sudo alsactl store, murya ta fito tangaram.

Ta ce, "Yanzu kwana uku ka yi ba barci a kan harafi ɗaya?"

Na ce, "Biyu ne. Duba da kyau."