Kyamarar waya, da dare ake gane ta

Jama'a, duk mai shirin sayen waya saboda hoto, don Allah kada ya yanke hukunci da rana tsaka. Idan rana ta take, ko waya mai araha za ta fitar da hoto tas. Sai bayan isha'i an ɗauke wuta, ko a zauren biki mai ƙwan fitila biyu, ake sanin wadda ta amsa sunanta.

Ka shiga kasuwar waya ta Farm Centre a Kano, abin da mai shago zai fara jefo maka shi ne, "Alhaji, wannan megafiksel 108 ce." Wato ɗigo miliyan 108 ne ke haɗuwa su ba da hoton. Ba ƙarya ya yi ba, sai dai ba lambar ce ke tara haske ba. Aikin sensa ne, ɗan farantin nan da ke bayan gilashin kyamara, da kuma faɗin kafar da haske ke bi ya shiga. Idan aka cusa ɗigo miliyan 108 a kan ƙaramin faranti, kowane ɗigo ɗan mitsitsi ne, hasken da zai samu bai taka kara ya karya ba. Shi ya sa da yawa daga cikin irin waɗannan wayoyi ke haɗe ɗigo 9 su zama 1, hoton ya fito a megafiksel 12. Wannan kam ba a rubuta shi da manyan baƙi a jikin kwali.

Abin da ya sauya hoton dare a zahiri manhaja ce. Huawei P20 Pro ta zo da tsarin dare a 2018, Google ya saki Night Sight a wayoyin Pixel a ƙarshen shekarar, Apple kuma sai a iPhone 11 a 2019. Dabarar kusan iri ɗaya ce: wayar ta ɗauki hotuna da yawa cikin 'yan daƙiƙu ta harhaɗa su. A kan masallaci ko titi abin sai son barka, tunda ba sa motsi. Amma gwada ɗaukar amarya ana mata liƙi, ko yaron da ba ya zama wuri ɗaya, sai fuska ta cakuɗe.

Ni abin da ya fi ba ni haushi ma shi ne wayar da ke mayar da dare rana, ta goge fuskar mutum sumul, baƙi ya fito kamar ya yi bilicin. Wasu wannan suke kira kyau. Ni dai a bar min fata da launinta.

Saboda haka kafin ka ƙirga kuɗi, ka goge gilashin, ka kashe filasha, ka nemi lungun da ya fi duhu a shagon. Ka ce wa yaron shago ya ɗaga hannu yana juya kai, ka ɗauka, sannan ka zuƙo hoton ka duba idonsa da zaren hularsa. Ka yi haka da waya biyu ko uku a wuri ɗaya, ka jera hotunan.