Kafin a kira ta juya, a fara gwada maigida

A Birnin Kebbi, Argungu ko Jega, idan aure ya shekara uku ba ciki, matar ake kallo. Ita za ta sha rubutu, ita za ta bi layin asibiti, daga ƙarshe a yi mata kishiya. Maigida kuwa ba mai tambayarsa. Alhali likitoci sun daɗe da tabbatar da cewa kusan rabin matsalar rashin haihuwa da hannun namiji a ciki, kuma a 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum 1 cikin 6 na fuskantar wannan jarrabawa a rayuwarsa.

Wani kaso na matsalar maza daga abin da muke kira "sanyi" yake. Kalmar nan ta cuce mu, domin ta tara cututtuka daban-daban a buhu ɗaya. Akwai gonoriya mai zafin fitsari da fitar mugunya. Akwai kilamidiya, wadda sau da yawa ba ta nuna alama, sai ta hau siririyar jijiyar da ke bayan maraina ta kumbura ta, ta bar tabon da zai toshe hanyar ƙwayoyin haihuwa. Mutum na nan da ƙarfinsa, yana biya wa iyalinsa buƙata, amma hanya ta rufe. Kuzari daban, haihuwa daban.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne yadda muke neman magani. A je kyamis a sayi kafso na kwana biyu, ko a karɓi gora wajen mai lasifika a kasuwa. Zafi ya lafa, cuta ta kwanta. Da irin wannan shan magani barkatai gonoriya ta koyi bijire wa magunguna da dama.

Gwajin kuwa ba abin tsoro ba ne. Namiji zai ƙaurace wa iyali kwana 2 zuwa 7, ya ba da maniyyi a ƙirga ƙwayoyinsa, a duba motsinsu da alamun kumburi. Kilamidiya ba ta fitowa a gwajin shuka da aka saba yi, wato wanda ake rainon ƙwayoyin cuta a ɗakin gwaji don a gane su. Sai gwajin PCR, mai gano ƙwayar halittar cutar, a fitsarin da ya fara fita. Shi ya sa nake jin tsoron takardun sakamakon gwaji da ke cewa "staf" kawai: wata ƙwayar cuta ce da sau da yawa daga fatar jiki ta faɗo cikin kwalba, amma a kwashe watanni ana sayar wa bawan Allah allurai. Idan an gano gonoriya ko kilamidiya, da miji da matansa duka za a yi wa magani, in ba haka ba ta dawo. Sannan a sake gwajin maniyyi bayan wata uku, don ƙwayoyin haihuwa na ɗaukar kimanin kwana 74 kafin su gama girma.

Ina roƙon ma'aikatar lafiya ta jihar Kebbi ta samar da gwajin PCR mai rahusa a manyan asibitocinmu, da ɗakin da namiji zai shiga cikin sirri. Malamanmu kuma su faɗa a mumbari cewa neman magani ba ya rage wa namiji daraja. Daga bakinsu maza za su fi saurin ji.